DAGA 'YARGOJE ZUWA ABUJA: YAUSHE MACE ZA TA WAKILCI ZAMFARA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Kuma tun da wuri in faɗa, ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da katin kowace jam'iyya. Tarihi kawai zan waiwaya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

Ranar zaɓen 'yan majalisar tarayya na 2023 ina gida Gummi, ni na raka Inna rumfar zaɓe a makarantar firamaren unguwarmu. Layin mata ya fi na maza tsawo nesa ba kusa ba, wasu da goyo, wasu sun baro tukunya a kan wuta. Da muka kamo hanyar gida sai ta ce mini, "Wai cikin waɗanga da munka zaɓa akwai macce?" Kun san takardar ƙuri'a alamar jam'iyya kawai take ɗauke da ita, babu suna babu hoto. Na ce, "Inna, babu." Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe mu layi kawai anka bar muna." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini a rai har yau.

Bari mu fara da lissafi. Jihar Zamfara tana da kujeru 10 a Majalisar Tarayya: sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 7. Mu a nan yamma muna da kujerar sanata ɗaya wadda ta haɗa Anka, Bakura, Bukkuyum, Gummi, Maradun da Talata Mafara, sai mazaɓun wakilai na Gummi/Bukkuyum, Anka/Talata Mafara da Bakura/Maradun. Daga 1999 zuwa 2023 an yi babban zaɓe sau 7. Kujera 10 sau 7, an cike gurbi sau 70 ke nan, kuma mace ba ta taɓa zama ko sau ɗaya ba. Kujerar sanatanmu ta bi hannun Yusha'u Anka, Ahmad Sani Yarima, Lawali Hassan Anka, yanzu Abdul'aziz Yari. Majalisar dokokin jiha da ke Gusau ma, kujeru 24 ɗin nan duk maza ne a kai.

A ƙasa baki ɗaya ma abin ba a cewa komai. Cikin sanatoci 109, mata 3 aka bayyana sun ci zaɓen 2023: Ireti Kingibe daga Abuja, Idiat Adebule daga Legas da Ipalibo Banigo daga Ribas. Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta zama ta huɗu bayan kotu ta ba ta kujerarta. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, matan ba su kai 20 ba. Alhali a rajistar INEC ta wannan shekarar, cikin masu zaɓe sama da miliyan 93, kashi 47.5 cikin ɗari mata ne. A 2007 mata 9 ne a Majalisar Dattawa. Baya ma muke yi.

Duk lokacin da na kawo wannan magana a majalisarmu ta yamma, amsa ɗaya nake samu: "Ai mu ba al'adarmu ba ce." To wace al'adar?

Sarautar Sarkin Zamfara a Anka take a yau. Kafin ta iso Anka ta zauna a Dutsi, ta zauna a Birnin Zamfara har Gobirawa suka ci birnin a zamanin Sarkin Gobir Babari, wajen shekarun 1760. In ka buɗe jerin sarakunan wannan gida za ka tarar da sunan mace a ciki, 'Yargoje. Ruwayar da aka gada ta ce ta yi shekara 40 tana mulki, ana sanya zamaninta tsakanin 1310 da 1350, ana kuma danganta ta da Kuyambana, har yau ana zancen fitilarta. Yaran yanzu in sun ji Kuyambana, dajin ɓarayi kawai ke zuwa musu a rai. Allah ya kawo mana sauƙi. Maƙwabtanmu Gobirawa kuwa suna da sarautar Inna, mace ce daga gidan sarauta mai faɗa a ji, wadda ko sarki ba ya wasa da maganarta.

Wani zai ce ai wannan kafin jihadi ne. To mu zo kan jihadin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780, kuma mata suna zuwa majalisinsa, suna zama gefensu. A nan ne wani malami daga Borno, Mustafa Goni, ya soke shi kan barin mata su halarci wa'azi. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa, labarin yana cikin Tazyinul Waraƙat. Ma'anar amsar ita ce barin mata cikin jahilci ya fi muni, a koyar da su tare da kiyaye haddi. Bayan haka 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji, tana ɗora musu malfa, suna kawo matan ƙauyuka karatu, suna komawa su karantar da wasu. Sarkin Musulmi Bello da waziri Giɗaɗo, mijinta, suna sauraron ra'ayinta.

Na san sarauniya daban, malama daban, 'yar majalisa daban. Ban ce 'Yargoje ta tsaya takara ba. Abin da nake nufi shi ne, duk wanda ya ce ƙasar nan ba ta taɓa sanin mace a wurin yanke shawarar jama'a ba, bai karanta tarihin gidansu ba.

Siyasar ƙuri'a kuwa baƙuwa ce ga kowa, maza da mata. Da ta zo a shekarun 1950, matan Kudu sun samu damar zaɓe, a zaɓen tarayya na 1959 sun fita sun jefa ƙuri'a. A Arewa jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba, maza kawai. Ga abin da ya fi ɗaure mini kai: a wannan zaɓe Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, Arewa ta samu 174, saboda yawan jama'arta. Yawan jama'ar nan kuwa har da mata aka ƙirga. Wato kakata tana cikin lissafin da ya ba Arewa rinjaye a Legas, amma ba ta da ikon cewa ga wanda take so ya zauna a kujerar. Haka aka karɓi mulkin kai a 1960, haka aka ci gaba har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Ɗaya a 1966.

Ba kowa ne ya yi shiru ba. NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta goyi bayan ƙuri'ar mata tun farko. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga jam'iyyar tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar matanta. Tana bin gidaje tana yi wa matan kulle bayani, tana hawa mumbarin lacca a lokacin da ake ganin haka a matsayin rashin kunya. An doke ta, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau 16 kamar yadda masu tarihinta suka rubuta. Babu irin sunan da ba a kira ta da shi ba. Ta rasu a 2001. Yau ga babban asibiti a Zariya da sunanta, kuma jikokin waɗanda suka zage ta su ne ke rabon atamfa da sabulu suna neman ƙuri'ar da ta sha duka a kanta.

Abin kunyar ma, soja ne ya buɗe ƙofar. Kwamitin da Janar Murtala ya kafa a 1975 don rubuta sabon tsarin mulki, mutum 49 suka yi aikin, babu mace ko ɗaya. Amma a gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka bai wa matan Arewa damar zaɓe, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. A 1979 ɗin Inna ta fara jefa ƙuri'a, tana amarya, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Har yau ba ta manta alamar gida da masara ba. Ta ce an yi ta gardama a gidaje ko za a bar mata su fita, wasu mazan suka hana, wasu suka ce sai da dare. Ku duba fa, ƙuri'ar macen Arewa kusan sa'ata ce. Ni da ita kusan tare muka zo duniya.

Abin da ya sa na kawo wannan duka: hujjojin da aka kafa a 1959 don hana mace ƙuri'a su ne ake kafawa yau don hana ta kujera. Ba al'ada ba ce, za ta lalace, mata ba su shirya ba, su kansu ba sa so. An ba su ƙuri'ar, sama ba ta faɗo ba, aure bai mutu ba, masallatai ba su rufe ba. Yau a nuna mini ɗan siyasa ɗaya daga Gummi zuwa Shinkafi da zai hau mumbari ya ce ya yafe ƙuri'ar mata. Ko a mafarki!

Daga 1979 an ɗan taɓa. A zaɓen farko mata 3 suka shiga Majalisar Wakilai, Majalisar Dattawa babu ko ɗaya. Franca Afegbua daga tsohuwar Jihar Bendel ce mace ta farko da ta ci kujerar sanata da ƙuri'a, a 1983, watanni kaɗan soja suka dawo. Daga 1999 Arewa ma ta fitar da nata: Zainab Kure daga Neja, Aisha Jummai Alhassan daga Taraba, Binta Masi Garba da Aishatu Binani daga Adamawa, Saudatu Sani daga Lere, Khadija Bukar Abba Ibrahim daga Yobe, Aishatu Dukku daga Gombe, Zainab Gimba daga Borno. Borno da Yobe ba su fi mu ƙarancin riƙo da addini ba, kowa ya sani.

Kuma kada wani ya ce Zamfara ba ta da matan. Mai shari'a Kulu Aliyu, Babbar Jojin jiha, ita ta rantsar da gwamna a 2019, ita ta rantsar da gwamna a 2023. Sadiya Umar Farouq 'yar Zurmi ta riƙe ma'aikatar jinƙai ta tarayya daga 2019 zuwa 2023. A ofisoshinmu ina aiki da mata daraktoci da manyan sakatarori, wasunsu sun fi mu ƙwazo, gaskiya ɗaya ce. Inda naɗi ne ko jarrabawa ko ƙarin girma, mace tana kaiwa. Inda takara ce, sai a neme ta a rasa. Ke nan akwai wata ƙofa tsakanin gida da akwatin zaɓe da take rufe.

Ƙofar ita ce jam'iyya. Tsarin mulkinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai jam'iyya ta tsayar da kai. Mu Zamfarawa mun fi kowa sanin nauyin zaɓen fidda gwani. A ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da APC ta samu a jihar nan, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Dubban ɗaruruwan ƙuri'u suka tafi a banza saboda abin da ya faru, ko ya ƙi faruwa, a cikin ɗakin jam'iyya. A can ake rabon kujeru. Inna da ƙawayenta suna zuwa ne bayan an gama rabo.

Su wa ke cikin ɗakin? Shugabannin mazaɓu, daliget, da uban gidan da ke biyan kuɗin. Mace ɗaya ake ajiyewa, shugabar mata, aikinta tara jama'a ranar gangami da rabon taliya. Manyan jam'iyyu suna alfahari sun yafe wa mata kuɗin fom. Gaskiya ne, a 2022 fom ɗin APC na Majalisar Wakilai naira miliyan 10 ne, na sanata miliyan 20, mata kuɗin nuna sha'awa kawai suka biya. Amma fom shi ne ƙaramin kuɗi a takara. Ina kuɗin daliget? Ina na motoci da yaran siyasa? Ga taron maslaha da ake yi ƙarfe biyun dare a gidan wani babba. Wace matar aure ce za ta je, washegari ba a yi da ita a gari ba? In kuma ta yi aure a wani gari, mutanen garin mijin su ce baƙuwa ce, na garinsu su ce ai ta bar gida. Ga halin tsaro, wanda namiji ma sai da rakiya yake shiga wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka neman ƙuri'a.

Wani zai ce, to me ya yi zafi? Namiji ba zai iya wakiltar mace ba? Zai iya, kuma wasu sun yi ƙoƙari. Amma mu tuna 2010. A Yargalma da Tungar Guru ta Bukkuyum, a Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega ta Anka, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida, mata suna dakawa da niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Uwaye ne suka fara ganin yaransu suna sanƙarewa, su suka yi zaman jinya a wurin likitocin MSF. Aikin share gubar a Bagega bai fara ba sai 2013, bayan matasa sun yi ta kururuwa a intanet kafin a saki kuɗin da aka yi alkawari, yara kusan 1,500 suna jiran magani duk tsawon lokacin. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Janairun 2022 aka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan da ba za mu manta ba. Duk wanda ya leƙa inda 'yan gudun hijira suke a garin Anka ya san su wa suka fi yawa: zawarawa da marayu. Akwai abin da matar da aka sace aka dawo da ita ba za ta taɓa faɗa wa Honarabul ba, ko da ɗan uwanta ne. Hausawa sun gama magana da suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ban ce da akwai mace a majalisa da waɗannan masifu ba su faru ba. Allah kaɗai ya san gaibu. Amma a can ake rubuta kasafin kuɗi, a can ake yanke ko kuɗin mazaɓa zai tafi ɗakin haihuwa ko rabon babura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun addini kuwa, na malamai ne, kuma ina girmama su. Na san hadisin da ake kawowa kan shugabancin mace. Na kuma san malamai da yawa sun bambanta shugabancin al'umma gaba ɗaya da wakilci ko ba da shawara, kuma ɗan majalisa mutum ɗaya ne cikin ɗaruruwa, ba shi ke yanke hukunci shi kaɗai ba. A Hudaibiyya shawarar Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ita ta warware wa sahabbai damuwar da suka shiga. Saudiyya ma tun 2013 ta sa mata 30 cikin mutum 150 na majalisar shura. Ina roƙon malamanmu su tattauna wannan a fili da ilimi, kada a bar wa 'yan siyasa su riƙa fakewa da shi ranar rabon tikiti kawai.

Mu leƙa maƙwabta. Jamhuriyar Nijar, inda 'yan uwanmu na Maraɗi, Tawa da Damagaram suke, harshe ɗaya addini ɗaya, a zaɓen 1999 mace 1 ce cikin 'yan majalisa 83. A shekarar 2000 suka yi dokar da ta tilasta wa jam'iyyu ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari. A zaɓen 2004 mata suka zama 14 cikin 113. A 2019 aka ɗaga kason zuwa 25, kuma majalisar da soja suka rushe a 2023 tana da mata fiye da 40. Senegal ta yi tata dokar a 2010, a zaɓen 2012 mata 64 suka shiga cikin 150. Mutanen ba su canza a dare ɗaya ba. Doka ce ta sa jam'iyyu suka nemo matan da suke cewa babu.

A nan gida an gwada. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori 5 da suka shafi mata, har da na ware musu ƙarin kujeru 111, da na ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara 5. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa suna zanga-zanga. Ɗaruruwan maza ne suka zauna suka yanke wa mata hukuncin ko za su shigo, me ake tsammani? Yanzu ga sabon ƙuduri da mataimakin kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranta, wanda ya tsallake karatu na biyu a watan Yulin 2024. Yana neman ƙarin kujerar sanata ɗaya da ta wakilai ɗaya ga mata a kowace jiha da Abuja, da kujeru 3 a kowace majalisar jiha, jimilla 182. Ba za a ƙwace kujerar kowa ba. Gyaran tsarin mulki kuwa yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Ke nan 'yan majalisarmu, na Abuja da na Gusau, suna da hannu dumu-dumu a ciki.

Ni kaina ina da tsoro a kan tsarin. Na farko kuɗi, majalisar da ake kuka da tsadarta za a ƙara mata kujeru. Na biyu, wanda ya fi damuna, kada kujerun su zama na matan manya da 'ya'yan manya, a yi ɗauki-ɗora, malamar makarantar Nasarawar Burkullu ko ungozomar Bagega ta ci gaba da bin layi. Wannan tsoron gaskiya ne. Amma na auna shi da 70 babu ko ɗaya, sai na ga gara a buɗe ƙofar mu yi faɗan wa zai shiga, da a bar ta a rufe muna jiran lokacin da aka yi ta cewa bai yi ba tun 1959.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ɗan majalisarku ya zo gida ta'aziyya ko ɗaurin aure, ku tambaye shi cikin ladabi ina ya tsaya a kan wannan magana, kuma me ya sa. Masu katin jam'iyya ku tambayi shugabanninku mata nawa ne cikin daliget. Mu maza kuma, ranar da 'yar wani ta fito takarar kansila, mu riƙe harshenmu daga mutuncinta, mu auna ta da abin da za ta iya. Mata masu ilimi da ke cikinmu, ku yi haƙuri ku shiga tun daga mazaɓa, babu wanda zai kawo muku har ɗaki.

Da na karanta wa Inna wannan rubutu kafin in sa shi, ta ce, "Kai dai ka cika dogon zance. Ka ce musu mun gaji da sabulu." To na faɗa.

Wanda yake da gyara a kan tarihin da na kawo, musamman dattawanmu na Anka, ina maraba da shi. Wanda bai yarda da ni ba ma bismillah, amma ban da zagi. Allah ya zaunar mana da Zamfara lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba mu shugabanni masu tausayinmu. Amin.